Kwamishinan Kuɗi Ya Hau Lilo

"Ni Jatau, ka ba ni naira biyar ka tura ni kasuwa, wallahi da naira shida nika dawowa, ga kuma kaya niƙi-niƙi bisa kai!"

Haka ya faɗa yana dukan ƙirji a majalisarmu ta bakin tashar Bungudu, kashegarin Babbar Sallah, a shekara ta biyu da aka ba mu jiha. Abokina, in ba ka san Jatau ba, bari in zana maka shi. Gajere ne, ga tumbi kamar ya haɗiye ƙwaryar fura, ga sanƙon da in rana ta doke shi sai ka kare ido. Taubashina ne, ɗan kawuna, don haka duk abin da na faɗa a kansa halal ne. Ya taɓa yin wata uku yana gadin wani banki a Kaduna, tun daga nan ya ɗauka shi da kuɗi uwa ɗaya uba ɗaya suke. Da aka yi mana jiha, rediyo ya shiga maganar kasafi da ma'aikatu, sai muka laƙaba masa Kwamishinan Kuɗi. Mu tsiya muke yi masa, shi kuwa har amsawa yake da "Na'am."

Abin da ya kawo bugun ƙirjin nan, ƙungiyar manoma ta Kekun Waje ce za ta zaɓi ma'aji ranar Juma'a, wanda zai riƙe akwatin kuɗin takin zamani. Jatau yana da gona a can, kuma ya ƙwallafa rai a kan akwatin nan har ba ya cin tuwo da daɗi. Shugaban ƙungiyar kuwa surukinsa ne, Baba Mamman, mahaifin matarsa Wasila, wani tsoho mai sanyin magana da ke saƙa malfunan kaba yana kaiwa kasuwa. Abin da Baba Mamman ya ce, shi ake yi.

To, da Jatau ya je yi masa barka da Sallah, ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya durƙusa, ya kafa ido a ƙasa kamar mai neman allura. Ka san kunyar surukai. Shekara goma sha biyu da auren nan, Jatau bai taɓa ɗaga kai a zauren tsohon ba. Ƙafafun Baba Mamman kawai ya sani. Tsohon ya ajiye masa takardun hamsin-hamsin guda goma, ya ce:

"An ce wasu mutane sun kawo liluna na inji Gusau. Kai mini jikokina su gani. Ran Juma'a ka zo gaban jama'a ka hwaɗi yadda ka yi da kuɗin."

Kowa ya gane gwaji ne. Jatau ma ya gane, shi ya sa ya zo majalisa yana huci.

"Kai Sule," ya ce da ni, "gobe da kai za a tahi, ka zama shaida. Amma kuɗin motarka da na cikinka, wanga ba ya cikin kasahi."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ko da ƙafa ne zan bi ka." Wa zai ƙi kallon kyauta?

Da safe na iske shi tsakar gida ya sha babbar riga, ya tara Wasila da yaransu biyu, Mannir da Mansura, yana raba kuɗi a aljihuna.

"Aljihun dama, Ma'aikatar Suhuri, ɗari. Aljihun hagu, Ma'aikatar Wasanni, ɗari da hamsin. Na ƙirji, Ma'aikatar Tsaraba, ɗari." Ya cire hula, ya shimfiɗa takarda uku a ciki, ya mayar ya danne. "Wagga kuma Baitulmali. Ba mai taɓa ta. Haka zan maida wa Baba ita, ko lanƙwasa babu."

Wasila ta ce, "Malam, ban ji Ma'aikatar Abinci ba."

"An rushe ta."

"An rushe ta?"

"Ke, abincin wurin wasa na wawaye ne. Shinkafa cokali huɗu su ce arba'in. Mi ya hana mu tahi da namu? Ga naman layya, ga dambu, ga hoce, ga hura. Ɗauro duka."

Ta ɗauro duka. Kwano uku a ɗaure cikin ɗankwali, da jarkar fura mai cin kwano biyu. Na ga kuma ta koma ɗaki ta ƙulle wani abu a gefen zani.

A bakin titi motocin Gusau na ta kira, Jatau ko kallonsu bai yi ba. Ya hango wata babbar mota shaƙe da albasa ta tsaya shan ruwa, ya je ya kama direban da surutu, ya gano wai kakar direban da kakarsa sun taɓa zama unguwa ɗaya. Ya dawo yana washe baki.

"Ku hau. Kyauta. Kun ga aikin ilimi?"

Muka hau kan buhunan albasa, rana na dukanmu, idanu na hawaye. Da muka iso bakin Gusau direba ya taka birki, ya leƙo.

"Malam, ku sauka nan. In na shiga gari ba ni tsayawa, 'yan tasha na kama mai kaya in sun gan shi da hwasinja."

Wasila ta fara tattara kwanuka. Jatau ya ɗaga mata hannu.

"Mu sauka nan mu biya kabu-kabu? Direba, matsa gaba kaɗan, ka aje mu kusa da hilin. Ni na san 'yan tasha, yarana ne."

Direba ya ɗaga kafaɗa ya ja mota. Muka shiga Gusau. Muka hango lilunan can suna juyi, yara suka yi ihu. Jatau ya fara dukan kan mota. Muka wuce lilunan. Ya ƙara duka da takalmi. Muka fita Gusau. Can sai ga duwatsun Kwatarkwashi sun taso gabanmu, Mansura ta ja rigar ubanta.

"Baba, wancan ne babban lilon?"

"Rufe mini baki!"

Ba a taka birki ba sai Tsafe. Muka sauko muna warin albasa kamar miyar da aka manta da gishirinta. Motar komawa Gusau kuwa, da yake Sallah ce, kuɗinta ya ninka. Jatau ya yi ciniki har jijiyar wuyansa ta miƙe, ƙarshe dai ya zazzage aljihun dama tas.

Na ce, "Kwamishina, Ma'aikatar Sufuri fa?"

"Ta kammala aikinta na bana," in ji shi. "Kuma yara sun ga Tsahe kyauta. Rubuta wannan cikin riba."

Sai bayan azahar muka isa filin. Kai, abin kallo ne! An kewaye wuri da kwano, janareto na ruri, kiɗa na tashi, ga dawakan ƙarfe na zagaye, ga wani ƙaton lilo mai kujeru rataye da sarƙa da ake kira majaujawa. A bakin ƙofa wata budurwa ce mai sayar da tikiti, an rubuta Gloria a ƙirjin rigarta. Jatau ya sayi tikitin shiga da na hawa, aljihun hagu ya bi sahun na dama, amma wannan dama yana cikin tsari. Sai da muka zo wucewa ta nuna kwanukan.

"Malam, ba a shiga da abincin waje."

"Wa ya ce?"

"Ga shi a rubuce."

"'Yata, kin san da wa kike magana? Na yi aikin banki Kaduna."

"Sannu da aiki. Ba a shiga da abincin waje."

Wasila ta ce a hankali, "Ga wata mai ƙosai can, mu ba ta ajiya mu karɓa in mun hito."

"Naman layya hannun baƙuwa? Ke dai ba ki san birni ba." Ya shafa gemu, sai idonsa ya kawo wuta. Ya juya wurin Gloria. "An hana shiga da abinci a hannu. To a ciki fa?"

Ta dube shi. "Cikinka naka ne, Malam."

"Madalla! Ku zauna."

Nan gindin katangar kwano ya shimfiɗa mu. Abincin da aka shirya don rana da maraice, ya ce a tashi da shi yanzu. Ya tsaya kan yara kamar mai duba jarrabawa. Mannir ya ce ya ƙoshi, ya ce ƙoshi ba ya cikin kasafi. Mansura ta fara kuka da hoce a baki. Wasila ta ci loma uku ta wanke hannu, ta ce ita kanta ke ciwo. Ni na taimaka da nama, don zumunci. Sauran duk Kwamishina ya share, ya kafa kai a jarkar furar nan da ta kwana biyu ta kuma sha ranar Tsafe, bai sauke ba sai da ta yi ƙara.

Ya yi gyatsa, ya shafa tumbi. "Naira ɗari da sittin ke nan na ceto. Sule, kana lissahi?"

"Ina yi, ranka ya daɗe."

Da muka shiga, Wasila ta ce a fara da dawakan ƙarfe, masu tafiya a hankali, abinci ya kwanta. Jatau ya ce tikiti kuɗinsa ɗaya, don haka hankali shi ne a hau wanda ya fi gudu, a ci moriyar kuɗi. Majaujawa za a hau. Tikitin Wasila ma da ta ce ta yafe, ya ce ba a mayarwa, shi zai hau da shi sau biyu.

Na ce, "Ka ba ni hular in riƙe maka."

Ya harare ni. "In ba taubashi Baitulmali? Ka ga na yi kama da mahaukaci?"

Aka ɗaure su, inji ya tashi. Zagayen farko Jatau na ɗaga wa jama'a hannu kamar mai neman ƙuri'a. Na biyu ya kama sarƙa da hannu biyu. Na uku babbar riga ta cika da iska ta rufe masa fuska, muka ji murya daga ciki tana salati. A na huɗu ne hula ta ce ga garinku. Ta yi sama tana juyi, takardun hamsin guda uku suka fito suna shawagi a kan taron 'yan Sallah.

Abokina, ka taɓa watsa wa kaji tsaba? To haka wurin ya koma. Wani maroƙi da ke gefe ya ɗauka liƙi ake yi daga sama, ya ɗaga murya:

"Alhaji mai ruwan kuɗi! Na bisa ya fi na ƙasa! Ƙaro, Alhaji, ƙaro!"

Jama'a suka ɗaga kai, suka buɗe hannuwa, suna jiran ƙari.

Ƙarin kuwa ya zo. Sai dai fura ce da dambu.

Ba zan tsawaita maka wannan wurin ba, kila kana cin abinci. Ka dai sani Mannir da Mansura sun mara wa ubansu baya, kuma maroƙin nan ya canza waƙa zuwa wata da ba ta rubutuwa. Da aka tsayar da inji, Jatau ya sauko yana tafiya kamar ɗan akuyar da aka haifa yanzu. Mai kula da lilon ya ce, "Malam, saura hawa ɗaya." Jatau ya ce ya bar wa marayu.

Hular ba a gan ta ba har yau. Kuɗin kuwa, duk wanda muka tambaya sai ya ce shi ma fura ce ta same shi.

Aka wanke yara a famfo. Ba a yi minti goma ba Mansura ta ce, "Inna, yunwa." Mannir ya ce shi ma. Ga ƙamshin shinkafa da kaza na tasowa daga rumfar masu abinci. Jatau ya dafe aljihun ƙirji da hannu biyu.

"Wannan na tsaraba ne. Doka ta hana a karkatar."

Wasila ta kwance gefen zani, ta fito da kuɗin ƙuli-ƙulinta, ta sayo shinkafa faranti uku da lemo. Ɗaya Mannir, ɗaya Mansura, ɗaya ita. Jatau ya matso, cikinsa na kuka kamar janareton wurin.

"Wasila, ni fa?"

"Ai Malam an rushe Ma'aikatar Abinci. Kai ka hwaɗa. Wannan kamhwani ne mai zaman kanshi."

Ya haɗiye yawu, ya ce dama ba ya jin yunwa, gwada ta yake yi.

Rana kuwa ta samu sanƙo ba hula, ta zauna a kai ta miƙe ƙafa. Jatau ya ja mu rumfar tsaraba yana kare kai da hannun riga. Mai rumfar wani dogo ne mai fara'a, Bulus, haifaffen Sabon Garin Gusau. Ga balan-balan, ga usur, ga tabarau na roba. Yara suka nuna usur, uban ya ce iska ce ake sayar musu. Sai idonsa ya faɗa kan wata malfa da aka rataye, an zagaye ta da shuɗin ƙyalle mai sheƙi da rubutun boko.

"Tsarabar Baba ta samu! Sule, dubi saƙa. Dubi baki yadda anka lanƙwasa. Wannan aikin inji ne, daga waje. In kai wa Baba shi ga yadda duniya ta ci gaba, ko shi ma shi gyara hannunshi."

Bulus ya ce, "A'a Malam, ai wannan nan kusa ake..."

"Kai, kada ka koya mini kaya. Na zauna Kaduna. Nawa?"

"Ɗari da hamsin, saboda kuɗin rumfa. Amma gaskiya mai yin ta..."

"Hamsin."

Na karɓi malfar na leƙa cikinta. Can a tsakiya na ga ɗan jan zare an ƙulla shi sau uku. Na miƙa wa Wasila, ita ma ta leƙa. Ta buɗe baki.

"Malam, wagga malfa..."

"Mata ba su shiga ciniki!"

Ta rufe bakin. Ta dube ni, na dube ta. Na ce, "Kwamishina, kada ka bari ta wuce ka. Irin wannan ko a Kaduna sai an yi oda."

Aka yi ta ja, Jatau na tafiya yana dawowa, har aka tsaya a ɗari. Ya zazzage aljihun ƙirji, ya kifa malfa a kai, wai gwaji yake yi mata kafin ta isa ga mai ita. Kuɗin motar komawa Bungudu ma gefen zanin Wasila ne ya biya. Duk hanya yana ba fasinjoji labarin yadda ya karya ɗan birni da naira hamsin.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, manoman Kekun Waje suka taru a gindin tsamiyar ƙofar Baba Mamman. Akwatin ƙungiya na ajiye a tsakiya da ɗan kwaɗonsa. Jatau ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya kafa ido a ƙafafun surukinsa, ya fara jawabi. Ya ce sufuri an faɗaɗa shi har Tsafe don ilimin yara. Ya ce abinci ba a kashe ko kwabo ba. Da aka zo Baitulmali, ya ce an raba wa talakawa albarkacin Sallah.

"Daga sama," na ƙara masa, don shaida ba ya ɓoye gaskiya.

Baba Mamman ya ce, "To. Canji fa?"

"Baba, canjin ya zama kadara." Ya zaro malfar daga cikin riga, ya miƙa da hannu biyu. "Ga tsarabarka. Aikin waje ne. Ba wai na raina na gida ba, Allah shi kiyaye. Amma in mutum ya duba wagga da kyau, ya ga inda masu saƙarmu ke kuskure. Ko almajirin saƙa ya samu abin koyo, balle babba."

Tsohon ya juya malfar, ya sa farce ya ɓanɓare shuɗin ƙyallen, ya leƙa ciki.

"Nawa ka saye ta?"

"Ɗari da hamsin ya ce, Baba. Ni na karya shi zuwa ɗari."

"Ka yi ƙoƙari." Ya juya cikinta ga jama'a. "Malam Bello, mi ka gani nan?"

Malam Bello, wani mai gonar gyaɗa da bai cika magana ba, ya leƙa. "Jan zare, ƙulli ukku. Ai alamarka ce, Baba."

"Ranar kasuwar Bungudu na saida wa Bulus ita, ita da 'yan'uwanta tara. Ashirin-ashirin." Ya ɗan yi tari. "Jiya ma ya zo ya ce in ƙaro mishi talatin. Ya ce kasuwa ta buɗe, wai akwai wani Alhaji da ke watsa kuɗi daga sama, in ya sauko kuma shi sayi malfa ɗari, ko an so a gaya mishi gaskiya ba ya saurare. Ya ce in na san shi in gaishe shi."

A ranar ne, karon farko cikin shekara goma sha biyu, Jatau ya ɗaga kai a gaban surukinsa. Abin da ya fara gani ta ƙofar zaure, malfuna ne jere a bango, sun fi ashirin, kowace da lanƙwasasshen baki irin na waje.

Dariyar da aka yi, har jakin maƙwabta sai da ya amsa. Baba Mamman dai ko murmushi bai yi ba. Ya tura akwati gaban Malam Bello, ya ɗora masa mabuɗi a kai. Sannan ya ciro igiyar kaba a aljihu, ya zura ta a malfar gefe da gefe, ya kifa wa Jatau a sanƙo, ya ɗaure masa a haɓa da hannunsa, tsam.

"Kwamishina, kai ma ba ka tashi hannu wofi ba. Ga taka ajiyar. In ta kai kaka ba ta tashi sama ba, sai mu gwada ka da kwaɗon akwatin."